Kulle Yaro a Ɗaki Ba Tsaro Ba Ne: Martani Kan Hutun Bazara a Karaye da Rogo

Ana gab da ba da hutun zango na biyu wani ɗan'uwa ya fitar da maƙala yana shawartar iyaye kan yadda za su bi da 'ya'yansu har a koma makaranta. In aka tattara maganarsa wuri ɗaya, cewa ya yi a rufe ƙofa. Kada yaro ya je rafi, kada ya je gona, kada ya fita dandali da dare. Da safe a sa shi a lesin, da rana a kunna masa katun a talabijin ko a miƙa masa waya, in an sami sarari ranar Asabar a kai shi gidan zu ko wurin lilo ya sha iska. Ya kuma ja kunnen mazauna birni su daina tura yara ƙauye hutu, har ya buga misali da ƙasar Karaye da Rogo: ga dam, ga daji, ga nisa da babban asibiti.

Tsoron da ya sa shi ɗaukar alƙalami na gaskiya ne, ban raina shi ba. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwa ana laluben gawar yaro ba zai yi wa mai gargaɗi dariya ba. Amma Malam, maganin da ka rubuta ba na wannan cuta ba ne. Abubuwan da ke kashe yara ko nakasa su a bazara sanannu ne, kowanne da wurinsa da lokacinsa da hanyar tare shi. Ƙofa a rufe ba ta tare ko ɗaya daga cikin manyansu, wani ma ƙara masa ƙarfi take yi.

Gidan wa ka hango da kake rubutu? Gida ne mai get da maigadi, da famfo a tsakar gida, da sola ko janareta mai juya fanka. Akwai irinsa a unguwannin masu hali na birnin Kano, akwai ɗaiɗaiku a cikin garin Karaye ma. Amma magidanci a Yammedi ko Tudun Kaya ko Zarewa ko Fulatan, hutun nan yana riskarsa ne daidai lokacin sharar gona da kai taki. Masu noman rani suna kwasar tumatir da albasa na ƙarshe, harawa ta ƙare sai an kora dabbobi nesa, rijiyoyi sun ja baya. A wannan gida ɗan shekara goma shi ne mai ɗebo ruwa, shi ne mai kai abinci gona, shi ne mai kora awaki. In za a kulle shi, sai ka faɗa mana wanda zai ɗebo ruwan. Gidan zu na Audu Bako kuwa yana cikin birni, tafiyar kusan kilomita 90 daga yankin dam ɗin Challawa. Mai 'ya'ya bakwai ya lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa, ya ga ko zai rage masa na cefane. Kuma hutun ba ko yaushe yake gajere ba: a 2025 jihohin Kano da Katsina da Bauchi da Kebbi sun daidaita shi da watan azumi, yara suka zauna a gida makonni. Wace uwa ce za ta tsare yara maza huɗu a ɗaki tsawon wata guda?

A ce ma ta iya. Mu duba ɗakin da za a kulle su. A watan Afrilu zafi a ƙasar Kano yakan haura digiri 40 a inuwa. Ɗaki mai rufin kwano, ba silin, taga ɗaya ƙarama da aka toshe da tsumma saboda ƙura, mutum shida ko takwas a ciki: nan ne sanƙarau ya fi jin daɗin yaɗuwa. Mutanenmu suna cewa zafi ne ke kawo shi, kuma ba su yi nisa da gaskiya ba. Ƙwayar cuta ce da ke zama a maƙogwaro, tana bin numfashi da tari daga wani zuwa wani. Busasshiyar iska da ƙura suna raunana maƙogwaro, cunkoso kuma yana ba ta hanya. Arewacin Nijeriya yana tsakiyar yankin da cutar ta fi addaba, daga Senegal har Habasha, kuma lokacinta daga hunturu ne zuwa faɗuwar ruwan farko. A 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, ta kashe sama da 11,000. A 2017 ta sake tasowa daga Zamfara da wani nau'in, ta ci rai fiye da 1,000. Wanda ya hana yaro inuwar darbejiya ya tura shi cikin irin wannan ɗaki, an gudu ne ba a tsira ba.

Abin da ke tare sanƙarau allura ce, sai iska, sai gaggawa. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kariya daga nau'i biyar na ƙwayar cutar. Mashaƙo da ya ɓarke tun ƙarshen 2022, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, kuma akasarinsu yara ne da ba su kammala rigakafi ba. Ƙyanda ita ma bazara ce kasuwarta. Na san dalilin da wasu iyaye ke ɗari-ɗari. A waccan annoba ta 1996 ce kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Cikin yara 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta a 2009. Wannan tabo na nan, kuma bai kamata a ce wa mai jin zafinsa jahili ba. Amma yaron da mashaƙo ya shaƙe bai san wannan tarihi ba. Da maƙalarka ta ce wa iyaye su lalubo katin rigakafi a makon farko na hutu su kai asibitin sha-ka-tafi a duba abin da ya rage, da ta fi amfani da duk jerin hane-hanen nan. Sannan a buɗe tagogi, a kwana a tsakar gida cikin gidan sauro, a karkaɗe shimfiɗa saboda kunama. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da amai da sanƙarewar wuya, ko maɗigar jariri ta kumbura, ba abin jiƙo ba ne, ba kuma na kemis ba. A ranar za a nufi asibitin Karaye ko na Rogo, ko da tsakar dare ne.

Yanzu ga ruwa, inda ka fi gaskiya, kuma inda shawararka ta fi haɗari.

Dam ɗin Challawa da ke ƙasar Karaye ba ƙaramin ruwa ba ne. Kamfanin Julius Berger ne ya gina shi tsakanin 1990 da 1992, tsayinsa mita 42, tsawonsa ya kusa kilomita 8, yana iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Ga kuma na Kusalla, kusa da sansanin masu yi wa ƙasa hidima. A bazara ruwa yana janyewa ya bar laka mai kama ƙafa a gaɓa, kuma tsohuwar hanyar kogi tana nan a ƙasa. Yaro yana tafiya ruwa iya gwiwa, taku ɗaya sai ya ji babu ƙasa. Duk wannan gaskiya ne. Abin tambaya shi ne me hani yake haifarwa. Yaron da ya tashi yana hango wannan ruwa daga ƙofar gidansu, a ranar da ƙasa take ƙona tafin ƙafa, zai shiga. In an hana shi zai shiga a ɓoye: da tsakar rana lokacin da manya suke kwance, a lungun da ba kowa, tare da sa'o'insa waɗanda su ma ba su iya iyo ba. In ɗaya ya nutse sauran sukan watse, kowa ya shige gidansu ya yi shiru saboda tsoron bulala, sai magariba ta yi a fara cigiya. Bulalar da aka tanada don ta hana shi zuwa, ita ce ta hana a kawo labari da wuri.

Kuma ba dam ne ya fi cin ƙananan yara ba. Duk mai sauraron sanarwar da hukumar kashe gobara ta Jihar Kano take fitarwa ya san kududdufi da rijiya su ne sunayen da ke yawan fitowa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Waɗannan ba iyo suka je ba. Rijiyar tsakar gida marar murfi, ramin da aka haƙa don bulo, bahon wanki da aka bari cike, ramin shadda da aka fara aka dakata: duk a bayan ƙofar da ka ce a rufe suke, ko a gindinta. Ɗan shekara biyu yana nutsewa a ruwan da bai kai gwiwar babba ba, ba kururuwa, ba fantsama, kafin uwa ta sauke tukunya.

Sai mu tuna Bagwai. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 kwalekwale ya kife a dam ɗin Watari da mutanen da suka taso daga Badau, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Aƙalla mutum 29 suka rasu. Yaran nan ba yawo suka fita ba, ba gardama suka yi wa iyayensu ba. Da izinin gida suka tafi, tare da manya, zuwa taron addini. Lodin da ya wuce kima ne ya ci su, da rashin rigar kariya. Duk dokar da ka lissafa a maƙalarka sun kiyaye ta.

Ƙasar Bangaladash, wadda ta fi mu yawan ruwa nesa ba kusa ba, ta yi nazarin wannan matsala da kyau. Sun gano ƙananan yara sun fi nutsewa tsakanin hantsi da azahar, lokacin da uwaye ke tsakiyar aikin gida, kuma dab da gida abin yake faruwa. Ba su ce a kulle yara ba. Sun samo mace ɗaya a unguwa da ke tara 'yan ƙasa da shekara biyar a ɗakinta a waɗannan sa'o'i, ana ba ta ɗan alawus. Manyan yara kuma aka koya musu iyo da hanyar ceto a wurin da aka kewaye da gora a cikin tafkin ƙauye. Binciken da aka yi ya nuna nutsewa ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 a tsakanin yaran da suka shiga shirin. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kowace unguwa a Rogo tana da gwaggo ko inna da yara ke taruwa a zaurenta ko gindin bishiyarta. Abin da ya rage shi ne a mai da shi tsari, a san daga ƙarfe nawa zuwa nawa, a san yaran wa da wa, a kuma daina ɗora wa 'yar shekara bakwai goyon ƙaninta a ce an bar shi da mai kula. Ita ma mai buƙatar kulawa ce.

Manyan yara kuma, muna da malaman da ba a nema. Masunta da Sarkin Ruwa sun san dam ɗin nan taku-taku: inda yake da zurfi, inda laka take, inda ruwa ke juyawa. Da mai unguwa da limami za su zauna da su a ware gaɓa guda mai tudu, a kafa turaku da igiya a ce nan ne iyaka, a sa lokaci, a sa baligi biyu da suka iya ruwa su tsaya, da yaro ya sami abin da yake nema ba tare da ya saci jiki ba. A koya masa kwanciya rigingine a kan ruwa in ya gaji. A koya masa cewa in abokinsa ya nutse ba a faɗawa a bi shi, domin mai nutsewa yana riƙe duk abin da hannunsa ya kai ya danna ƙasa. Ihu ake yi, a miƙa doguwar sanda, ko a jefa jarka da ba komai a ciki, an ɗaure murfinta an sa mata igiya. Masunta da gora suke shawagi tun kaka da kakanni. Jarkar lita 25 tana yin wannan aiki, kuma babu gidan da ba ta. In an fito da yaro ba ya numfashi, a bar ɗaga shi ƙafa sama ko danna masa ciki wai ruwa ya fita. Ɓata lokaci ne. A shimfiɗe shi, a hura masa iska a baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirji, wani kuma ya nemo abin hawa. Ma'aikacin lafiya na gunduma zai iya nuna wannan a ƙofar masallaci bayan la'asar. Mafi muhimmanci, a yi wa yara alkawari a gaban jama'a: wanda ya rugo ya faɗa cewa wani ya faɗa ruwa, ba mai dukansa, ko da an hana su zuwa.

Na san abin da za ka ce, kuma ita ce hujjarka mafi ƙarfi, ko da yake ba ka kawo ta ba: tsargiya. Ruwan dam da na magudanar noman rani gidan dodon-koɗi ne, shi kuma yake rainon tsutsar da ke huda fata ta shiga jini ta sauka a mafitsara. Tun 1851 wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano ta a Alƙahira, kuma Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ɗauke da ita. Duk inda aka datse kogi takan ƙaru; haka aka gani a tafkin Volta na Gana da kuma kogin Senegal. Har yanzu akwai gidajen da in yaro ya yi fitsarin jini sai a yi murmushi a ce ya fara girma, ko a ɗora wa rana laifi. Ba girma ba ne. Jini ne yake tsiyaya a hankali, yaro ya rame, ya kasa riƙe karatu, in ta daɗe ta lalata mafitsara da ƙoda, a 'ya mace kuma ta taɓa mahaifa. To ta yaya zan ce a koya wa yara iyo a irin wannan ruwa?

Amsata ba mai daɗi ba ce. Yaran gaɓar dam suna cikin ruwan nan ko mun yarda ko ba mu yarda ba: wanki, wankan dabbobi, ban ruwa, kamun kifi. Tsutsar ba ta tambayar ko wasa ya kawo ka ko aiki. Tsargiya tana da magani, ƙwayar firazikwantel, wadda ake rabawa kyauta a makarantu, ana auna yawanta da tsayin yaro a jikin sanda, a sha bayan an ci abinci. Nutsewa ba ta da ƙwaya. Saboda haka a rage haɗarin da za a iya ragewa. Tsutsar ta fi fitowa daga dodon-koɗi tsakanin hantsi da azahar, wato daidai lokacin da mai satar jiki yake shiga. Lokacin da manya za su sa ya zama da sassafe ko bayan la'asar. A guji wurin da ciyawa ta yi yawa a gaɓa. A hana fitsari da bayan gida a ruwa ko bakinsa, don ta nan ƙwan ke komawa. Ruwan da aka ɗebo don wanka, in ya kwana biyu a randa ko duro, tsutsar ta mutu. Kuma a matsa wa sashen lafiya na ƙananan hukumomin biyu su kai maganin inda rajistar firamare ba ta kai ba: tsangayu, rugagen Fulani, unguwannin masunta. Almajirin da yake wanke rigarsa a dam kowace Alhamis ya fi ɗan aji huɗu buƙatar ƙwayar, amma sunansa ba ya cikin littafin da ake bi a raba.

Tunda na ambaci Alhamis: hutun boko ba ya nufin yaro ya zama ba shi da abin yi. Makarantar allo da Islamiyya suna ci gaba, sai Alhamis da Juma'a. Waɗannan kwana biyu su ne ranakun da ido ya kamata ya fi buɗewa, su ne kuma suka dace da abin da za a shirya wa yara.

Maganar lesin da waya ba zan daɗe a kanta ba. Lesin kuɗi ne, kuma sau da yawa malamin da ya koyar a zango shi ne zai maimaita abin da ya faɗa, a ajin da ya fi ɗakin gida zafi. Waya kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara ɗaya bai kamata a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin ba sam, ɗan biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a rana, daga biyar zuwa sha bakwai kuma yana buƙatar aƙalla awa guda ta motsa jiki har ya yi gumi kullum. Ka hana shi dandali don kada ya haɗu da mugun aboki, sannan ka miƙa masa TikTok ka fita. A dandali ko ba komai wata tsohuwa tana jin abin da ake faɗa daga bayan danga. Langa da kokawa da ƙwallon tsumma, carafke da gaɗa, dara a ƙasa, motar kara da yaro zai yini yana ƙerawa, tatsuniya da kacici-kacici bayan isha, tashe in hutun ya faɗo cikin azumi: ba wanda ya taɓa biyan ko sisi a kansu. Yaron da ya yi langa har ya gaji ba ya buƙatar lallashi kafin ya yi barci. Aikin babba a nan ɗan kaɗan ne: wasan gudu ya zama da safe ko da yamma, tsakar rana a zauna a inuwa, randa a cike a kusa. Wanda gudawa ta kama a haɗa masa ruwan gishiri da sukari na leda, in babu a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a karɓo masa ƙwayar zinki.

Ka kuma yi maganar masu satar yara. Mutanen Rogo, da ke kan iyaka da Katsina da Kaduna, ba sa buƙatar wani daga birni ya koya musu tsoron wannan. Amma ka tuna yarinyar nan 'yar shekara biyar da aka sace a birnin Kano a Disambar 2021, wadda labarinta ya girgiza ƙasa. Mai makarantar da take zuwa ne ya ɗauke ta, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a 2022. Ba baƙo ba ne daga daji. Fuska ce da ta sani, iyayenta suka amince da ita. Abin da ƙauye yake da shi wanda birni ya rasa shi ne mai shayi da mai faci da tsohon da ke kan dakali duk sun san ɗan wane ne wannan, kuma in suka gan shi a bayan babur ɗin da ba su sani ba za su tambaya. Gaskiya ne wannan ido ya fara rauni, tunda yanzu in ka tsawata wa ɗan wani sai uban ya zo maka da faɗa. Gyaransa shi ne iyaye su mayar wa maƙwabta izinin da suka karɓe. Janye yara daga idon unguwa ƙarasa kashe shi ne.

Akwai wuri guda da zan fi ka tsanani, kuma ka tsallake shi gaba ɗaya: talla. Da an ba da hutu faranti yake hawa kan 'yan mata, daga safe har dare, tasha da kasuwa da shagunan samari da wuraren gini. Yarinyar da ke zaga gari ita kaɗai da kuɗi a hannu, wadda aka ce kada ta dawo da saura, ta fi duk yaron da ke langa a ƙofar gida shiga haɗari. Kano ta sami dokar kare yara a 2023, amma takarda ba ta raka kowa tasha. Ban ce uwar da ke ci da wannan ciniki ta daina ba, don na san abin da ke cikin tukunyarta. Amma ana iya sa iyaka: su tafi biyu-biyu, ba shiga ɗaki ko shago ko zaure don miƙa kaya ko karɓar canji, a dawo kafin magariba, abin da bai ƙare ba kuma ba laifinta ba ne.

Sauran abubuwan da ke kai yara asibiti a wannan lokaci ba su sami ko layi ɗaya a wurinka ba, wataƙila don ba su da ban tsoro a takarda. Manoma suna sayen maganin ciyawa da na ƙwari tun kafin damina, a ajiye a ƙarƙashin gado, wani a juye a robar lemo. Haka kananzir da fiya-fiya. Yaro mai ƙishirwa ba ya karanta kwalba. A rataye su sama a rumbu, kuma kada a mai da jarkarsu ta ruwan sha ko an wanke. Lokacin mangwaro ne, masu ɗori suna ciniki. Karayar da ƙashi ya huda fata, ko hannu ya kumbura ya yi sanyi bayan ɗauri, ta asibiti ce. Ga babur da ake ba ɗan shekara goma sha biyu ya ɗauki ƙannensa uku ranar Sallah don a ce ya iya. Wannan ba dam ne ya jawo shi ba, ba daji ba, uba ne ya miƙa makulli.

Ku kuma 'yan'uwa mazauna birni da aka ce kada ku turo yara: ku turo su. Yaron da bai san inda gero yake fitowa ba, bai san ɗakin kakarsa ba, bai iya gaida dattijo a tsugune ba, an tauye shi, kuma gidan lilo ba zai biya masa ba. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. A duba katin rigakafinsa tun da saura mako biyu. A haɗo shi da gidan sauro da takalmi. A damƙa shi a hannun mutum ɗaya da sunansa, kawu wane ko gwaggo wance, ba a ce wa gida gaba ɗaya ga amana ba, don abin da aka bar wa kowa ba mai shi. A faɗa wa wannan mutum ƙarara cewa yaron bai iya ruwa ba, domin 'yan'uwansa na gaɓa za su ɗauka ya iya kamar su, shi kuma kunya ba za ta bar shi ya musa ba. Kada ya hau kwalekwale ba rigar kariya, ko wa zai tuƙa. In kuma ya dawo, bayan wata biyu ko uku kuka ga jini a ƙarshen fitsarinsa, ku gaya wa likita ya shiga ruwan Challawa, don a nemi ƙwan tsargiya tun a gwajin farko.